Taron mutum 40, shaidu dubbai

Ranar 4 ga Yuni, 1976, makaɗan Sex Pistols suka yi wasa a wani ɗan zaure a Manchester, Lesser Free Trade Hall. Ɗalibai biyu ne suka gayyato su daga Landan, kuɗin shiga rabin fam. Kimanin mutum 40 suka zo. Ko sunan ɗan talaka ya fi haka cika.

Kiɗan kuwa sai hamdala: jita na kururuwa, mawaƙi na harara yana daka wa jama'a tsawa. Shi ya sa kowa ya fita yana ganin in dai wannan ne kiɗa, shi ma zai iya. Washegari Peter Hook, ɗaya daga cikin 'yan kallon, ya ranci kuɗi wurin mahaifiyarsa ya sayo jita, shi da Bernard Sumner suka kafa ƙungiyar da ta zama Joy Division. Morrissey, wanda daga baya ya yi suna da The Smiths, gida ya koma ya rubuta wa jaridar NME wasiƙa.

Yanzu duk mai furfura a Manchester rantsuwa yake har da shi a daren. Da za a tara su, sai an ari filin Old Trafford. In ka gamu da ɗaya, ka ce ya nuna tikiti.