Wa'azin Geji a Bakin Tasha

Masu faci na bakin tasharmu mazhabarsu guda ce wajen sanin ko taya ta ƙoshi da iska: su danna ta da babban yatsa, ko su ƙwanƙwasa ta da ƙarfe su saurari amonta, sa'an nan su yanke hukunci ba shaida ba hujja. Ni kuwa, da yake Allah ya hore mini ɗan karatun boko, na daɗe ina ƙyamar wannan bidi'a, tun da ga ma'auni nan, wanda suke kira geji, liƙe a bakin tiyon iskar kowannensu.

Ran wata Asabar, na ci ado da farar babbar riga za ni ɗaurin aure, sai tayar baya ta babur ɗina ta yi laushi, na gangara wurin wani yaro mai faci. Ya ba ta iska, ya danna, ya ce, "Malam, ta yi." Na leƙa allura, tana kan 25, alhali fam 32 nake bukata. Na ce ya ƙara.

"Ranka ya daɗe, ai wannan gejin..."

Na ɗaga masa hannu, domin ba a katse malami yana shirin karatu. Injin na ta ruri, ni kuma na shiga bayani dalla-dalla, cewa wani Bafaranshe mai suna Bourdon ne ya ƙago wannan hikima a 1849; cewa a cikin cikinsa akwai wani ɗan bututun tagulla lanƙwasasshe kamar lauje, wanda idan iska ta matsa masa sai ya nemi miƙewa, miƙewar nan kuwa ita ke jan wasu 'yan haƙora har su juya allura; cewa saboda haka tagulla ba ta da son zuciya, yatsa kuwa ɗan Adam ne, ajizi. Yaro dai ya riƙa ja da baya sannu-sannu, na zaci kwarjinin ilimi ne.

Ina cikin kawo misali na uku taya ta yi bindiga. 'Yan acaɓa suka watse, mai kunu ta yi jifa da ƙwaryarta, wani dattijo mai alwala ya hau salati da ƙarfi, ni kuwa ban san yadda aka yi ba sai na tsinci kaina zaune daram cikin rabin duron nan na baƙin ruwa da ake tsoma tub a nemi huji.

Daga nan inda nake na hangi geji yashe a ƙasa, ba ya jone da komai, allura na nan kan 25 ba ta ko gezau ba. Yaro ya ce, cikin ladabi, tun bara wata mota ta taka shi, maigidansa ya bar shi ne kawai don masu son gani da ido.

Jama'ar tasha suka yi mana shari'a nan take, ba ɗaukaka ƙara: ni na biya kuɗin tub da taya, na biya kunu har da ƙwarya. Har gobe ina kan bakana cewa Bourdon ya fi yatsa gaskiya. Amma kai mai karatu, in za a auna maka taya, dubi allura tukuna ka tabbata tana kan sifiri kafin a jona.