Gizo da Rigar Shiga Gidan Wake

Ga ta nan, ga ta nanku.

Wata shekara gonar Zaki ta gaji. Gero ya yi ɗorawa, dawa ta ƙi tsayi, amma wake kore shar. Zaki ya tara dabbobi ya ce a gano masa asirin wake. Gara, da yake ita ta san ƙarƙashin ƙasa, ta faɗi ta yi gaisuwa ta ce, "Ranka ya daɗe, baƙi yake saukewa. Wasu 'yan mitsi-mitsi ne da ido ba ya gani, sunansu Rizobiya. Yana gina musu ɗakuna a jikin saiwarsa, yana ciyar da su zaƙin da ganyensa ya dafa a rana. Su kuma su kamo naitirojin, wanda ya kai kashi 78 cikin 100 na iska amma tsiro bai iya cinsa ɗanye, su mayar masa da shi taki."

Duk bayanin nan, zaƙi kawai Gizo ya ji. Kura ma haka. Suka je boka ya ƙanƙantar da su, suka nutse ƙasa, suna bin ƙamshin da saiwa ke saki don kiran baƙinta.

Masu gadin saiwa makafi ne, da shafa suke gane baƙo. Kura ta zo a guje tana kaɗa wutsiya. Suka taɓa wutsiyar, suka ce irin ta masu kawo cuta ce. Nan take suka ƙara kaurin katanga, suka watsa mata ruwa mai ƙuna. Ta koma gida tana kuka.

Gizo kuwa laɓewa ya yi har ya haddace sallamar Rizobiya. Ya rangaɗa ta. Gashin saiwa ya lanƙwashe ya rungume shi, aka fara buɗe masa siririn zaure. Yana tsakiya sai wani mai gadi ya shafa bayansa, ya ji ba riga. Aka toshe zauren. Ɗakin da aka fara gina masa ya zauna wayam.

Da Gizo ya koma gida, matarsa Ƙoƙi ta ce, "Maigida, rigar nan daga jikinsu suke saƙa ta, da sukari mai yauƙi. Ita ke manne su a jikin saiwa, ita ke kwantar da hankalin masu gadi. Ƙarƙashinta akwai 'yar ciki mai maiƙo, idan ta yage, ko an shiga ba a daɗewa. Kuma ka sani, gidan nan da aiki ake biyan haya."

Gizo ya ce ya ji. Da dare ya sato riga da 'yar cikinta. Cikin duhu ya ɓata hanya, ya faɗa gidan waken suya, mai tsantsenin zaɓen baƙo. Aka shafa, aka ce ba ɗinkin gidan ba ne. Shi ya sa manoman waken suya kan cuɗa iri da garin da ke ɗauke da baƙin da ya sani, kamar Nodumax da cibiyar IITA ke yi a Ibadan. Waken gida dai mai sakin fuska ne. Da Gizo ya iso ƙofarsa, ya ji sallama, ya shafa riga, ya ba shi ɗaki.

Gizo ya miƙe ƙafa, ya ci, ya ƙara, ya yi barci. Maƙwabtansa na ta aiki, cikin ɗakunansu ya yi ja-ja. Nasa fari fat. Ashe wake ɗaki-ɗaki yake auna abin da ke fitowa. Bai yi faɗa ba, bai aiko dogari ba, iskar ɗakin Gizo kawai ya rage. Gizo ya rame, ɗakin ya tsumbure. Da kaka Ƙoƙi ta tono shi, ta goya shi zuwa gida. Yana farfaɗowa ya tambaye ta ina ƙofar gidan gyaɗa take.

Zaki kuwa ya sa aka yi shela, kowa ya tsarma wake cikin gero.

Ƙurunƙus. Idan wakenku ya fara fure, ku tono gindi guda a hankali, ku tsaga ƙullin da ke jikin saiwar da farce. In kun ga ja-ja, masu aiki ne a ciki. In ya girma yana nan fari, Gizo ne.