Babin Saɓanin Ma'abota Sito

Duk wanda Allah ya nufa da zama gaban malami har ya kai babin ciniki a cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, ya san magabata ba su bar wata mas'ala ta saye da sayarwa ba sai da suka tsefe ta, tun daga sharuɗɗan ingancin ciniki, da hukuncin aibin da aka ɓoye wa mai saye, har ya zuwa haramcin algus. Amma duk da wannan himma tasu, Allah ya saka musu da alheri, akwai babi guda da ba su buɗe ba, watakila don ba su taɓa yin kaka a Funtuwa ba, shi ne babin abin da ke aukuwa idan mutum biyar suka taru a bakin sito guda, a kan dukiyar mutum ɗaya, kowannensu kuma ya sakankance cewa shi kaɗai aka sanar da kuɗin da buhun masara zai yi a watan Yuli.

A zamanin iyayenmu wannan fitina ba ta da wurin zama. Lokacin da auduga ke sarauta a ƙasar nan, jirgin ƙasa na bi ta Funtuwa daga Zariya zuwa Gusau, hanyar da ta isa Ƙaura Namoda a 1929, injinan gurza na kamfanin BCGA kuma suna ruri a Funtuwa da Malumfashi, ba a neman shawarar kowa game da farashi, domin hukumar ciniki ce ke yanke shi ta aiko, manomi ya kai kayansa fuloti, malamin auduga ya duba ya ce lamba ɗaya ko lamba biyu, iyakar gardamar ke nan, in ka ƙi sai ka koma da kayanka gida mata su kaɗa zare. Daga baya shirin raya aikin gona na Funtuwa, wanda aka fara da taimakon Bankin Duniya a tsakiyar shekarun 1970, ya cika ƙasar da takin zamani, masara ta tashi daga bayan gida ta mamaye gonaki. Sannan a 1986 gwamnati ta rushe hukumomin cinikin amfanin gona, ta ce kowa ya yi ta kansa. Daga wannan rana aka buɗe ƙofar ijtihadi, har ɗan dako ma ya zama mujtahidi, kuma kowane sito ya kasu mazhabobi huɗu.

Mazhaba ta farko ita ce ta wakilin saye, wanda ke yawon kasuwanni, yau Ɗandume, gobe Bakori, jibi Sheme ko Ƙafur. Fatawarsa guda ce rani da damina: a saya, kuma a saya yau. Hujjarsa kullum labari ne da ya ji daga wani amintacce wanda ya ji daga wani direba, cewa kamfanonin abincin kaji na kudu sun taso da manyan motoci, kafin mako ya zagayo ba za a sami ko tiya ɗaya a kasuwa ba. Ba wanda ya taɓa tsayawa ya binciki isnadin wannan ruwaya, balle ya lura cewa mai ruwayar yana da la'ada a kan kowane buhu da aka saya, ko an ci riba ko an faɗi, wanda shi ne asirin da ya sa fatawarsa ba ta taɓa sākewa ba.

Ta biyu ita ce mazhabar akawu, mai biro a bayan kunne, wanda aƙidarsa ita ce a dakata tukuna a ga yadda kasuwa za ta kaya. In an ce a saya, sai ya ce kaka ba ta gama faɗuwa ba. In an ce a sayar, sai ya ce bazara ba ta gama hawa ba. Wannan bawan Allah yana alfahari cewa tun da ya kama aiki bai taɓa jawo wa Alhaji, mai dukiyar, asarar ko kwabo ba, kuma gaskiya ya faɗa, domin bai taɓa ba da shawarar da za a iya aikatawa ba.

Ta uku ita ce ta mai riƙe da makullan sito, wanda a wurinsa buhun da ya shiga ya shiga ke nan. Shi ne ya fi kowa nassi, domin da an taɓo maganar fitar da kaya sai ya gyara zama ya kawo ƙissar Annabi Yusufu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, da yadda ya adana hatsin Masar a shekaru bakwai na yalwa. Abin da ba ya ƙarasawa shi ne, Annabi Yusufu ya tara ne don ya ciyar da jama'a idan fari ya zo, ba don ya jira su galabaita ya ninka musu kuɗi ba, kuma malamai suna da wani suna da suke kiran irin wannan jira, wato ihtikari, wanda ba su yabe shi ba. Akwai kuma wata hikima da ta sa yake ƙin a kwashe sito har ƙasa, za mu zo kanta.

Ta huɗu sabuwar mazhaba ce, ta babban ɗan Alhaji, wanda ya dawo daga jami'a da waya a hannu da kwamfuta a hammata. Shi ra'ayinsa kuɗi ba ya kwana, a saya da safe a sayar da yamma, kuma yana iya gaya maka abin da masara ta yi a Dawanau da ma Amurka kafin ka gama alwala, ko da yake in ka zuba masa kaura da farafara a tafin hannu ka ce ya bambance, sai ya tuna ana kiransa a waya. Bayan waɗannan huɗu akwai direba, wanda ba shi da mazhaba, sai dai yana bin duk wanda ya yi magana a ƙarshe. Amma kada mai karatu ya rena shi, domin shi ne ke kaɗaicewa da Alhaji a mota daga Funtuwa har Kano, kuma an sha ganin hukuncin da majalisa ta yanke da hantsi an warware shi kafin a wuce Malumfashi.

Majalisar shura takan zauna ne bayan La'asar, a kan tabarma, a inuwar sito. Alhaji ya kishingiɗa da carbi ya ce, "To, jama'a, me kuka gani?"

Wakili ya ce, "Ranka ya daɗe, in ba mu cika sito a makon nan ba, wallahi mun yi barci. Ni dai na faɗi iyakar abin da na gani, amma kai ne mai dukiya."

Akawu ya yi gyaran murya ya ce, "Allah ya ƙara wa Alhaji lafiya, ni ban ce kada a saya ba, ban kuma ce a saya ba, abin da na ce shi ne a yi hattara."

Mai makulli ya ce, "A saya, ranka ya daɗe, amma da sharaɗin ba za a taɓa ba sai ruwa ya zauna."

Ɗan Alhaji ya ɗago kai daga waya ya ce, "Baba, duk wannan tsarin da ne. Yanzu duniya ta wuce nan."

Alhaji ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "To, Allah ya zaɓa mana mafi alheri." Kowa ya ce amin, aka shafa, aka tashi, kowane ɗaya daga cikin huɗun nan ya tafi gida yana gaya wa iyalinsa cewa yau Alhaji ya ɗauki shawararsa. Mai hankali zai lura cewa babu jimla ɗaya a cikin wannan zama da ba a yi mata ƙofar baya ba, ta yadda ko kasuwa ta hau ko ta karye mai maganar zai sami inda zai fita da rawaninsa a kai.

Wannan na saye ne. Idan aka zo yanka farashin sayarwa, nan ne ake ganin karamar buhu guda mai kuɗi biyar. Akwai kuɗin da aka faɗa a majalisa, wanda ba a taɓa sayar wa kowa da shi ba. Akwai na baƙo, wanda ya ɗara shi. Akwai na surukin Alhaji, wanda ba a faɗinsa da ƙarfi. Akwai na ƙanin matar mai makulli, wanda ake ba shi bashi zuwa kaka, ba tare da an ayyana wace kakar ba. Akwai kuma wanda akawu ke rubutawa a littafi, wanda bai yi kama da ko ɗaya daga cikinsu ba. In mai saye ya yi tayi wakili ya ce albarka, sai ya zagaya wurin ɗan Alhaji a sallama masa. In ɗan ya sallama, sai mai makulli ya ce makullin yana gida, a dawo gobe, rijiya ta bayar guga ya hana. Idan ƙara ta kai gaban Alhaji, sai ya tunatar da su cewa ko Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, da aka roƙe shi ya ƙayyade farashi a Madina bai yi ba. Hadisi ne tabbatacce, sai dai Alhaji ba ya tuna shi sai ranar da kaya suka yi tsada.

Shekarun nan na baya sun yi wa mazhabobin huɗu jarrabawar da ba su taɓa gani ba. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin mota da na taki suka tashi, hatsi ya bi su, har ya zama a 2024 duk wanda ya ɓoye masara ya ga ribar da ta sa ya fara zaton shi waliyyi ne. A watan Fabrairu na 2024 hukumar karɓar koke-koke da yaƙi da cin hanci ta Jihar Kano ta garƙame wasu sito-sito a Dawanau bisa zargin ɓoye abinci, amma maimakon wannan ya zama wa'azi, sai ya zama wa mai makulli hujja cewa abin da ke hannunsa zinariya ne. Da kaka ta zo, ba 'yan kasuwa kaɗai ba, har ma'aikacin ofis da malamin makaranta da mai gyaran babur kowa ya nemi ɗaki ya zuba buhuna, aka saya da tsada ana jiran ta ƙara tsada. Ashe tun a watan Yuli gwamnatin tarayya ta ba da sanarwar ɗage harajin shigo da masara da shinkafa da alkama da wake na kwana 150. Aka shiga 2025, azumi ya zo ya wuce, bazara ta yi, ruwa ya sauka, lokacin da aka saba ganin hatsi ya yi fiffike, sai ga shi yana gangarowa ƙasa da kuɗin da aka saye shi, talaka yana hamdala a bakin tukunya, masu sito suna salati.

A nan ne aka ga abin da tarihin fiƙihu bai cika gani ba, wato ijma'in mazhabobi huɗu a kan kalma guda: "Ai na faɗa." Wakili ya ce shi ya ce a saya, amma bai ce a riƙe ba. Mai makulli ya ce shi ya ce a riƙe, amma ba shi ya sayo da tsada ba. Ɗan Alhaji ya ce da an bi tasa da tuni an juya kuɗin sau goma. Akawu kuwa ya yi murmushin wanda gaskiyarsa ta bayyana, ya ce jama'a shaida ne shi ya ce a yi hattara. Aka duba aka rasa wanda ya yi kuskure, saboda haka aka ɗora laifin a kan gwamnati, da ƙaddara, da wani yaro mai ɗinkin buhu wanda ba a taɓa tambayarsa ra'ayi ba.

Sai ranar ƙidaya, wadda mai makulli ya yi shekara yana addu'ar kada ta zo, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Littafin akawu ya faɗi adadi, sito ya faɗi wani, kuma buhun da ya shiga da tiya arba'in ya fito da ƙasa da haka. Aka nemi bayani, aka ce ɓera ne, da ƙwari, da ramewar da hatsi ke yi in ya bushe. Duk waɗannan gaskiya ne, suna faruwa. Sai dai ɓeran wannan sito yana da tarbiyya, domin yana auna abin da zai ci da tiya, in ya gama kuma ya mayar da ɗinkin buhu yadda ya same shi. Alhaji ya dubi buhu, ya dubi mai makulli, ya tuna cewa ɗan ƙanwar uwargida ne, ya ce, "Allah ya mayar da alheri."

Maganin wannan ciwo ba sabo ba ne, ba kuma sai an je jami'a ba. Ayar da ta fi kowace aya tsawo a cikin Alƙur'ani tana cikin Suratul Baƙara, kuma umurni ce da a rubuta bashi a kafa masa shaidu. In har an umurci muminai su rubuta abin da ke tsakaninsu na dukiya, ba don ana tuhumarsu ba sai don ɗan Adam mai mantuwa ne, to, babu abin kunya idan Alhaji ya sa aka rubuta shawara ma. Saboda haka ina kira ga alhazanmu na Funtuwa da Malumfashi da kewaye: kafin kakar bana ta shigo, ku sayi littafi na biyu, kowa ya faɗi ra'ayinsa a rubuta da kwanan wata ya sa hannu, a yanke farashi ɗaya ga baƙo da suruki, a ƙidaya sito kowane wata a gaban mutum biyu waɗanda ba 'yan ɗaki ɗaya ba, littafin kuma ya kwana a wurin mai dukiya. Za ku ga majalisa ta gajarta, masu fatawa sun ragu, ɓera kuma ya tuba.