Kowa da Kiwon da Ya Karɓe Shi a Ajin Welshanci

A ƙasar Wels, wadda ke maƙale a yammacin Ingila, ƙidayar 2021 ta nuna mutum 538,300 ne suka ce suna magana da Welshanci, wato ko ɗaya cikin biyar na jama'ar ƙasar ba su kai ba. Gwamnatinsu kuwa ta ci alwashin kai adadin miliyan ɗaya nan da 2050. Haihuwa kaɗai ba za ta cike wannan giɓi ba, don haka aka waiwayi manya. Tun 2016 akwai cibiya ta ƙasa mai shirya musu darussa a kwalejoji da ɗakunan taron unguwa da kuma ta intanet. Ajin masu farawa sunansa Mynediad. Nan ake tara likita da direban bas da tsohuwa mai cin fansho, a sa su maimaita gaisuwar safe da ƙarfe bakwai na dare. Ko a Kadif ne ko a Bangor, fuskokin ba sa canzawa.

Mai fara isowa kullum shi ne Sarkin Shiri. Jakarsa ta fi shi nauyi: ƙamus biyu, sabon littafin rubutu, alƙaluma kala-kala. Tun kafin a buɗe aji ya gama da tarihi. Ya san William Morgan ya fassara Baibul zuwa Welshanci a 1588. Ya san wani ayari ya hau jirgin ruwa a 1865 ya je ya yada zango a Fatagoniya ta ƙasar Ajantina, inda har gobe ake jin harshen. Ya san haruffan 29 ne, kuma ch da dd da ll kowanne harafi ɗaya ake ƙirga shi. Amma malama na tambayarsa sunansa da Welshanci sai ya hau buɗe jaka. Ranar baƙin cikinsa ita ce ranar da ya ci karo da "yr ardd" a littafi, ya bi shafin harafin a na ƙamus daga sama har ƙasa bai ga komai ba. Ashe kalmar gardd ce, lambu, ta yar da harafinta na farko a hanya. Ya rufe ƙamus a hankali, ya dube shi duban wanda amini ya ci wa amana.

A daidai nan Malam Don-me yake ɗaga hannu, kuma ba zai sauke ba har ƙarshen zango. Yawanci injiniya ne ko akanta, mutumin da ya saba komai da dalilinsa. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne yadda farkon kalma ke rikiɗa dangane da abin da ya gabace ta. Kyanwa cath ce. Idan an san wadda ake nufi ta zama y gath, tawa fy nghath, ta wata mace ei chath. Babban birnin ƙasar, Kadif, ma bai tsira ba: da Welshanci Caerdydd ne, mai zuwa can i Gaerdydd za shi, mazaunin can yng Nghaerdydd yake. Baƙaƙe tara ne ke wannan rikiɗa, ta hanyoyi uku. Bahaushen da ya tashi maƙwabtaka da Fulani ba zai ga abin tashin hankali ba, don ya san guda Pullo ne, da yawa Fulɓe, kuma bai taɓa jin an kai ƙara ba. Haka batun cewa kowane suna namiji ne ko mace, mu da muke da rana mace da wata namiji me za mu ce? Amma Baturen Ingila, wanda tebur a harshensa ba shi da jinsi, gani yake da gangan aka shirya masa wannan.

"Malama, don me?"

"Haka ake faɗa."

"Na ji. Amma don me?"

Ya zana jadawali mai launi uku, ya kai an lulluɓe masa da leda, yana yawo da shi a aljihun gaba. Bai gama farfaɗowa ba aka sanar da shi cewa babu kalma guda da ke tsayawa a matsayin "i" ko'ina. Amsa tana bin sigar tambaya: wani wuri ydw, wani wuri oes, in abin ya riga ya wuce do. Daga ranar, ko shayi aka yi masa tayi sai ya yi nazari.

Mai Waya shi ba ya gardama da kowa, don a ganinsa ya wuce ajin. Tun 2016 manhajar Duolingo ta sa Welshanci cikin darussanta, shi kuma ya jera kwanaki ɗaruruwa ba fashi. Sha biyun dare saura minti biyar za ka same shi a banɗaki yana latse-latse kada koriyar mujiyar manhajar ta yi fushi da shi. Ya iya ba da labarin wani Owen da manhajar ta ƙirƙira, mai masifar son wata saiwa dangin karas. Wannan fanni ya ƙware a kai, ba a ja da shi. Sai dai har yau bai gamu da ɗan Adam ɗin da ya tambaye shi labarin saiwar ba.

Akwai ƙananan jinsuna da ba sai an daɗe a kansu ba. Akwai wanda ya haddace sunan ƙauyen nan na tsibirin Môn mai haruffa 58, yana rera shi a kowane biki, bai kuwa iya tambayar hanyar tasha ba. Akwai mai kallon Pobol y Cwm, wasan kwaikwayon da ake yi tun 1974, idonsa kafe a kan fassarar Turanci da ke ƙasan allo, matarsa na magana ya ce ta bar shi karatu yake. Akwai ɗalibin da ya ɗauki sautin ll da zafi. An ce masa ya kafa harshe inda ake furta l ya hura iska ta gefe, shi kuwa ya haɗa da yayyafi, har kujerar gabansa ta zama ba mai zama. Sai 'yan Satumba, masu cika aji a makon farko. Da Nuwamba ta kama, duhu na rufawa tun la'asar ga ruwa ba ƙaƙƙautawa, sai ka neme su ka rasa.

Wadda ta fi ba ni tausayi ita ce Uwar 'Yan Makaranta. Ta sa yaranta a makarantar da ake koyar da komai da Welshanci, don an ce harshe biyu ya fi ɗaya. Ba ta ankara ba sai da ta ga 'ya'yan cikinta suna ƙulla shawara a gabanta wajen cin abinci, suna kallonta suna dariya. Dole ta shigo aji. Da dare ta zauna aikin gida, 'yarta mai shekara shida ta leƙo ta kafaɗa, ta ɗora yatsa a kan layi na biyu.

"Mama, ba haka ake cewa ba."

"To yaya ake cewa?"

Yarinya ta faɗa, daidai, da rikiɗar baƙi da komai. Aka ce ta yi bayanin ƙa'idar, ta ce wace ƙa'ida?

Ɗan Ɓangare kuma makonsa uku da farawa ya riga ya zaɓi gida. Harshen yana da karin arewa da na kudu, kuma tun ranar rajista ake tambayar wanda mutum yake so. Madara llefrith ce a arewa, llaeth a kudu. Kaka mace nain ce a arewa, mam-gu a kudu. 'Yan ƙasa suna tsokanar juna a kan haka yadda Bakano da Basakkwace ke yi, su yi dariya su wuce. Shi ne ya mai da abin yaƙi. Mutumin da duka jarinsa bai wuce jimla goma ba yana taɓe baki wai na wancan ɓangaren ba ingantacce ba ne.

Duk waɗannan wasa ne idan aka zo kan Mai Kunya, kuma ita ce mafi yawa a kowane aji. A takarda ba ta da tsara. Wata Asabar ta yi ta maza ta tafi Caernarfon, a yankin Gwynedd inda kusan mutum biyu cikin uku ke jin harshen. Tun daga mota take bitar jimlarta ta neman shayi. Ta tsaya a layi leɓɓanta na motsi. Ta duba ƙirjin mai sayarwa ta ga ɗan bajin nan ruwan lemo da ke nuna ana iya yi masa Welshanci. Layi ya zo kanta, ta sauke jimlar tsaf, ko tuntuɓe babu. Mai shago ya ji daɗi, ya amsa mata da gudu irin na 'yan gari, rabin kalmomin a haɗiye, ya ƙare da tambaya. Wannan tambayar ba ta cikin littafi. Ta tsaya baki buɗe, fuska ta yi ja. Shi kuwa bawan Allah, don kada ya kunyata baƙuwa, sai ya juya Turanci cikin fara'a.

A ganina nan ne ainihin wahalar koyon wannan harshe take, ba a jadawalin Malam Don-me ba. Mai koyon Faransanci a ƙauyen Faransa yunwa za ta buɗe masa baki. A Wels kusan duk mai jin Welshanci yana jin Turanci, saboda haka ƙofar gudu a buɗe take koyaushe, kuma mutanen kirki ne ke riƙe maka ita. Wasunsu ma tsoron ɗalibi suke, wai Welshancinsu na gida ne, kada mai littafi ya kama su da kuskure. Sai a tsaya ana kallon kallo, kowa na jin kunyar kowa, a rabu da Turanci.

Mutum ɗaya ce wannan tarko bai kama ba, ita ce Ba-ruwana. Aikinta kula da tsofaffi a gidan jinya, inda wasu idan ruɗewar tsufa ta zo Turancin ke zubewa, harshen da aka yi musu reno da shi ya rage. Ba ta da lokacin jadawali. Rikiɗar baƙi, in ta zo ta zo. Tana ce wa babban mutum ti, wato kai, inda ladabi ya ce chi, wato ku. In kalma ta ɓace mata ta cusa ta Turanci ta yi gaba. In aka juya mata harshe ta ƙi juyawa, ta ce a maimaita a hankali, ita koyo take. Tsofaffin suna gyara mata suna dariya, gobe ta dawo da sabuwar kalmar da malama kanta sai ta tambayi inda ta samo.

Wannan abu yana ci wa Malam Don-me tuwo a ƙwarya. Wata rana bayan ta gama ba da labarin hutunta, ya ɗaga hannu ya shaida wa malama cewa ya ƙirga kuskure bakwai a jimlarta ta ƙarshe kaɗai. Malama ta dube shi ta tambaye shi da Welshanci ko ya fahimci abin da ta ce. Ya fahimta sarai. Ya laluba aljihun gaba, ya ciro jadawali, ya shiga neman wace "i" ce ta dace.