Zuwa Ga Taubashina, Kan Hayaniyar da Ka Ji a Waya



Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata kowa yana lafiya, amarya da yara da sauran mutanen gida. Ka gaida Inna, ka ce mata maganin gwiwarta yana hanya. Ka gaida Kawu da kyau. Kai kuwa sai ka tsinci abin da ya rage na gaisuwar, don ba ka ci cikakkiya ba.

Labari ya iske ni cewa ka bi dangi gida-gida kana cewa walda nake yi a Amurka, wai ranar da ka kira ni ka ji ana dukan ƙarfe ana kururuwa. Gwaggo kuma ta ƙara gishiri, ta ce aljanun Turawa ne suka shafe ni, har ta sa a yi mini rubutu. Rubutun ka shanye, ka fi ni bukata. Aikina yana nan yadda ka sani, kai kaya gida-gida a mota. Abin da ka ji waƙa ce, kuma tunda ka ɓata mini suna a kanta, dole ka zauna ka ji tarihinta, ko kana so ko ba ka so.

Wani Bature ne da muke zagaye tare ya jawo mini. Ka'idar motar ita ce mai tuƙi shi ke da rediyo. In ni ke riƙe da sitiyari, Shata ne tun safe har a tashi. In shi ne, sai ya saka wannan faifai, ya ƙure murya, yana dukan sitiyari da tafin hannu. Kwanakin farko addu'ar neman tsari nake yi. Da na gaji na tambaye shi wa ya mutu ake wannan kuka, sai ya ce ai yaƙin basasar Amurka ake ba da labari. Na ce to lallai an yi yaƙi, ga shi har yanzu ba a gama ba.

Sunan makaɗan Titus Andronicus, sunan da suka aro daga wani wasan kwaikwayo na Shakespeare, wanda a cikinsa wani janar na Rum ya yanka 'ya'yan sarauniya ya gasa su ya ba ta ta ci. Daga sunan ka san ba kiɗan kai amarya ba ne. 'Yan wani ƙaramin gari ne da ake kira Glen Rock a nan jihar New Jersey, garin da abin alfaharinsa wani ƙaton dutse ne da ke zaune a tsakiyarsa. Nakan kai kaya can. Gari ne na masu rufin asiri, ciyawa a gyare, ko kare ba ya haushi da ƙarfi. A ce daga nan wannan ihu ya fito, abin ya ɗaure mini kai. Sun haɗu a 2005, shugabansu Patrick Stickles, mai wani gemu a lokacin wanda in ka gan shi a hoto sai ka matsa masa gaba ya ja salla. Irin kiɗansu ana ce masa pank-rok: jita mai lantarki biyu ko uku, ganguna, gudu, da murya wadda ba a damu ta yi daɗi ba. Ba a ƙarƙashin manyan kamfanonin waƙa suke ba. Wani kamfani mai zaman kansa na Ingila, XL Recordings, shi ya fitar da faifan, kuma shi ne dai ya fitar da Adele, wadda amaryarka ke sakawa in ka ɓata mata rai.

Faifan sunansa The Monitor, ya fito ranar 9 ga Maris, 2010. Waƙoƙi 10 ne, minti 65, kuma ba a tsinto su daga nan da can ba, labari ɗaya ne daga farko har ƙarshe. Ranar ma tana da tarihi. A ranar 9 ga Maris, 1862, aka yi wani karo a ruwan Hampton Roads na jihar Virginia, a tsakiyar yaƙin basasarsu da aka fara a 1861 aka gama a 1865, tsakanin Arewa da Kudu. Kada ka fara gyara zama, tasu ce ba tamu ba. Kudu ta ɓalle ne don ta ci gaba da riƙe bayi, kuma mutum fiye da 600,000 suka mutu kafin a rufe maganar.

'Yan Kudu sun tsamo wani jirgin ruwa da aka ƙona mai suna Merrimack, suka yi masa sulken ƙarfe, suka raɗa masa Virginia. Ranar 8 ga wata ya fito ya hallaka jiragen katako biyu na Arewa, harsashin igwa yana dukansa yana zamewa. Cikin dare sai ga na Arewa ya iso, wato Monitor, wanda wani injiniya ɗan Suwidin, John Ericsson, ya zana, aka ƙera shi a Brooklyn. Ɗan ƙarami ne, kusan duk jikinsa a nutse, sai wani ɗakin ƙarfe mai juyawa a bisa da igwa biyu a ciki. Wannan ne karo na farko a duniya da jirage biyu masu sulke suka gwabza. Awowi suna luguden wuta, babu wanda ya iya huda ɗan'uwansa, aka tashi canjaras, kowa ya koma gida yana cewa shi ya ci. Sannan babu wanda ya ga sabuwar shekara a cikinsu. Virginia masu shi ne suka tarwatsa shi da hannunsu a watan Mayu don kada a kama shi. Monitor kuwa guguwa ta nutsar da shi daren 31 ga Disamba, da mutum 16. Sai a 2002 aka ciro ɗakin igwar daga ƙarƙashin teku.

To me ya haɗa yaro ɗan Glen Rock da wannan? Nan ne zan so in ga fuskarka. Labarin faifan shi ne wani saurayi ya gaji da garinsu, ya tattara ya koma Boston neman sabuwar rayuwa, abubuwa suka ƙi, soyayya ta watse, ya dawo gida da kunya. Shi ke nan. Stickles ya yi wannan zaman da kansa, kuma a lokacin ya duƙufa kallon dogon shirin da Ken Burns ya yi a 1990 kan yaƙin basasar, sai ya ɗauki ɓacin ransa ya sa masa kakin soja. Tsakanin waƙa da waƙa ana karanto jawaban mutanen zamanin: Abraham Lincoln, da Jefferson Davis shugaban 'yan aware, da William Lloyd Garrison mai yaƙi da bauta, da mawaƙi Walt Whitman. Da jawabin Lincoln na 1838 aka buɗe, inda yake nuna cewa in ƙasar za ta rushe, daga ciki ne, ba daga baƙi ba. Yana rufe baki ganguna suka faɗo.

Taubashi, daga garinsu zuwa Boston tafiyar awa huɗu ce a mota. Bai kai Kano zuwa Abuja ba. Ba biza, ba layin ofishin jakadanci, ba a sayar da gonar gado an saya masa tikiti ba. Yarensu ɗaya, kuɗinsu ɗaya, in ya ga dama ya je ya ci abincin babarsa ya koma a yini guda. A kan wannan ya tara mutane suka yi awa guda da minti biyar suna ihu, har da jiragen yaƙi. Ni da na haye teku, na bar tuwo na bar rana, na zo inda ruwan famfo ke daskarewa, in kuka kira me nake cewa? Lafiya lau, alhamdulillahi, komai daidai.

Kuma a nan abin ya kama ni. Duk wanda ya fito waje ya san dokar da ba a rubuta ba: gida ba a aika masa sai labari mai daɗi. Ka tsaya jikin motar da ba taka ba a ɗauke ka hoto. Ranar Juma'a in na shiga Bronx, inda Hausawan Gana da na Nijar da namu ke haɗuwa, kowa ya sha shadda ya fesa turare, kowa yana cewa sai godiya, alhali kowa ya san wanda ke bin kowa kuɗin haya. Godiyar gaskiya ce, ba na musu. Amma akwai wani abu da ke taruwa a ƙirji wanda ba ta fitar da shi. Sai ga yaron da ya faɗi jarrabawar zaman baƙunta, maimakon ya ɓuya a ɗaki, ya hau dandamali ya kira ganga ya shelanta.

Ka san yadda Shata ke yi a Bakandamiya, ya tsaya ya wasa kansa, 'yan amshi suna tabbatar masa. To ka juya ta. Nan mawaƙin tsiya yake yi wa kansa, yana lissafa kasawarsa da ragwantakarsa da yawan shansa, 'yan amshi kuma suna tabbatar masa da iyakar ƙarfinsu. Abin mamaki, ƙarfin da kake ji a jikinka iri ɗaya ne. Akwai waƙa ta uku, inda ake nanata magana guda ta cin fuska har sai ta daina zafi ta koma abin murna. Ban san yadda suka yi wannan dabara ba, amma na ga tana aiki da idona.

Eh, na je kallonsu. Kada Kawu ya ji. Baturen nan ne ya saya mini tikiti, wani ɗan zaure mai duhu, ƙasa na danƙo. Na sayi lemo na nemi bango na jingina, hannuna a kan aljihu, don tarbiyyar Kasuwar Kurmi ba ta barin mutum. Ana fara kiɗa sai tsakiyar wurin ya rikice, ƙarti suna karo da juna kafaɗa da kafaɗa. Na duba ƙofar fita. Sai na lura duk wanda ya faɗi, hannu biyar ke miƙowa a ɗaga shi, a buga masa baya, a sake tura shi ciki. Wani ya rasa tabarau, aka buɗe fili aka haska waya har aka samo masa. Wani kuma aka ɗaga shi sama ana miƙa shi daga hannu zuwa hannu bisa kawunan jama'a, yana dariya. Akwai masu furfura, akwai waɗanda da gani daga ofis suke, an sassauta wuyan riga. Da aka zo amshin nan na cin fuska, zaure duka ya ɗauka, kowa yana nuna na kusa da shi da yatsa. Wani mai sanƙo ya dafa kafaɗata ya kwarara mini shi a kunne. Ni ma na mayar masa. Rabon da in ji sanyi a raina haka tun ranar da ka faɗa kwata da sabuwar rigar salla.

Ba zan yi maka ƙarya in ce faifan ba shi da aibi ba. Muryar Stickles in ta hau sama tsagewa take, wani wurin ma kamar da gangan yake kauce wa kiɗan. Rabin waƙoƙin sun haura minti bakwai, ga maganar giya da ta yi yawa, wadda ni ba ta dame ni da komai ba sai gundura. Sannan akwai rashin kunya a ɗauki yaƙin da aka yi kan 'yancin bayi kusan miliyan 4 a auna shi da budurwa ta ƙi ka. Abin da ya cece shi, shi ma ya san rashin kunyar ce, yana yi yana yi wa kansa dariya. Kuma ba duka ne ihu ba. Akwai inda komai ke lafawa, fiyano kaɗai, shi da wata mawaƙiya Jenn Wasner suna karɓeɓeniya a hankali. Akwai goge, akwai ƙaho. Yana kuma taɓa mawaƙi Bruce Springsteen, wanda a New Jersey ba a zaginsa a zauna lafiya, ya ɗauko kirarinsa na tserewa daga ƙaramin gari ya murɗe shi.

Waƙar ƙarshe ita ce ta karon jiragen, minti 14. Ana cikin tafiya sai ga algaitar Sikotlan mai jaka ta shigo, daga ina, oho. A nan ne saurayin, bayan ya gama raba duniya gida biyu, mu da su, ya gane cewa in babu abokin gabar nan bai san ko shi wane ne ba, har ya koma lallashinsa kada ya tafi. Da na fahimci wurin, wallahi kai na tuna. Shekara nawa muna harbin juna, ba ka huda ni ba ban huda ka ba, kuma duk wanda aka tambaya sai ya ce shi ya ci.

In kana ganin wannan ya yi tsawo, a 2015 sun sake fitar da wani, The Most Lamentable Tragedy, waƙoƙi 29, minti 93, kan ciwon da ke ɗaga mutum sama ya kuma jefar da shi ƙasa, wanda Stickles ya faɗa da bakinsa yana fama da shi. Wannan na ajiye maka shi sai ranar da ka sake yi mini sharri.

Yanzu maganar da ta fi muhimmanci. Mutumin da zai zo wata mai kamawa, a ba shi kuka da daddawa da yaji, a ɗaure da kyau. Kada a sa kilishi, karnukan filin jirgi sun fi ka hanci, kuma ƙwacewa ake yi. Kuɗin da na turo na rufin ɗakin Inna ne, kwano da ƙusa da ladan kafinta. Na lissafa, na kuma turo wa amarya lissafin, don haka kada ka wahalar da kanka da ƙirƙiro tashin farashi. Kuɗin shara kuwa da kake ta aiko saƙo a kai, zan turo maka waƙar nan mai minti 14. Ka saurare ta har ƙarshe a gaban shaidu biyu, ɗayansu Gwaggo, sannan mu yi magana.

Naka, ko ka ƙi ko ka so,
Taubashinka na New Jersey