Wa'azin Da Ya Sa Ikilisiya Kuka

Duk wanda ya zauna a Diffa ya san cewa arzikin wannan gari ba ya sauko masa daga sama kai tsaye, sai ya biyo ta ƙasar wasu tukuna. Gama ruwan da ke raya gonakinmu a tuddan Kano da na Bauci yake zuba, ya taru a kogin Haɗeja da na Jama'are, abin da madatsun Tiga da Calawa suka rage ya ratso fadamun Nguru yana tafiyar ƙasaita, ya zo ya cika Komadugu a lokacin da namu hadarin ya riga ya yi sallama, sa'an nan ya wuce Geskeru ya faɗa Tabkin Cadi ta wajen Boso. A bakin wannan kogi, wanda shi ne iyakarmu da Nijeriya, Barebari suke noman tattasan da ya kai sunan Diffa kasuwannin Maiduguri da Kano, wanda kuma ya taɓa kai sunana bakin kowane yaro a ikilisiyarmu, ta hanyar da ban roƙa ba.

Ni malamin makaranta ne da aiki ya kawo daga ƙasar Maraɗi, jikan mutumin da ya ji bishara a Tsibiri a hannun ƴan mishan, kuma saboda furfura da iya karatu a bainar jama'a aka sa ni cikin dattawan ƴar ikilisiyarmu, wadda yawancinta baƙi ne irina: ma'aikata, da matan sojoji, da mutanen Cadi da na Nijeriya. Tun daga watan Fabrairu na 2015, da aka kai hari Boso da Diffa, aka kafa dokar ta-ɓaci, aka hana hawan babur, aka tsayar da cinikin kifi da na tattasai, taki da man inji suka zama sai da izini, noman bakin kogi ya durƙushe. Da aka sake buɗe cinikin tattasai a 2017, har irinmu masu alli muka fara lissafin riba a bayan littafin darasi. Sai na haɗa gwiwa da maƙwabcina, wani Alhaji Babarbare mai gona, a kan ni in kawo kuɗin taki da man injin ban-ruwa, shi ya kawo ƙasa da sani, in Allah ya nuna mana kaka a raba.

A watan Oktoba na 2019 Komadugu ya cika ya batse, ya ci gonaki da gidaje, kullum safiya sai a ce ya ƙara kamu ɗaya. Daren da Alhaji ya gaya mini cewa tsakanin ruwa da kunyoyinmu saura taku kaɗan, na durƙusa a tsakar ɗaki na yi wa Ubangiji wa'adi da babbar murya, cewa in ya tsare mana wannan gona, buhu ɗaya cikin goma na rabona nasa ne, kuma daga tsinkar fari, wadda ita ce mafi ja, mafi kauri, mafi tsada. Uwargida ta amsa da amin. Da na san abin da wannan amin za ta jawo, da a zuci na yi addu'ar.

Ruwa ya tsaya, gona ta tsira, tattasai ya nuna, aka tsinka aka shanya a kan rairayi har ya bushe yana ƙaraurau. Kuma da yake ambaliya ta rage amfanin bana, farashi ya hau. A nan ne Shaiɗan, wanda ba a taɓa jin ya zo wa mai ilimi da ƙahoni ba sai da hujja, ya zauna kusa da ni ya buɗe mas'ala. Na sami Alhaji a gindin bedi na ce, kamar mai neman sani don sani, "Alhaji, a shari'arku mene ne hukuncin zakkar abin da aka shayar da inji?" Ya ce, "Rabin ushiri ne, Malam, ɗaya cikin ashirin, saboda ɗawainiya. Tattasai kuwa, a mazhabar Imamu Malik, ba ya cikin abin da ake fitar wa zakka, sai dai mutum ya yi sadaka." Zuciyata ta yi fari fat. Shi kuwa ya dube ni ta saman carbinsa ya ce, "Amma kai, Malam, ba zakka ke kanka ba, bakance ne, don ta katanga na ji ka daren nan. Ban kuwa taɓa jin an ari mazhabar maƙwabci ranar biyan bashi ba."

Da fatawar waje ta ƙi, sai na koma ga ijtihadin kaina. Wa'adina ya ce buhu, bai ce abin da ke cikin buhu ba. Ya ce daga tsinkar fari, alhali kuwa ɓarɓashin da ake sharewa a mashanya, da ƴaƴa, da karare, da jan garin nan mai haɗe da rairayi, duk daga tsinkar fari suka fito, babu mai musu. Na tattara su, na ƙara da wani tsohon dakakken barkono da na tarar a madafa don buhu ya cika ciki, na danna, sa'an nan na shimfiɗa zaɓaɓɓun manya jajaye wajen kamu ɗaya a baki, yadda duk wanda ya leƙa zai ce tubarkalla. Uwargida tana tsaye a ƙofa, hannu a ƙugu, ta tuno mini da miji da matar nan na Littafi Mai Tsarki da suka ɓoye wani abu daga baikonsu. Ta ce, "Maigida, in ka zaɓi zama Hananiya, ni dai kada ka rubuta sunana a Safiratu." Na ce mata mas'alar ta fi ƙarfin wanda bai yi nazari ba.

Ikilisiyarmu takan jinkirta ranar godiya har a gama ɗibar tattasai, don haka ta faɗo farkon watan Maris, zafi ya fara leƙowa. Baba Fasto kuwa, da yake ya ji na zama manomi, ya ce ni zan yi wa'azi. Na zaɓi sura ta 4 ta littafin Farawa, labarin Kayinu da Habila, ban kuwa ga wani abin mamaki a zaɓin ba, gama mai wa'azi yakan ga kowace aya ta dace da wani wanda ya sani. Aka ɗora buhu a amalanke, ƙusa ta yage shi a gefe ba wanda ya lura, samari suka jingina shi a gaban bagade tsakanin damin gero, da albasa, da busasshen kifi, da zakaru biyu a ɗaure, ya fi kowane baiko tsayi. A bayansa kuma, daidai inda gari ya zubo ya taru, akwai fanka mai tsayuwa wadda aka ƙame wuyanta tana fuskantar jama'a. Ba wuta a lokacin. Ni kuwa ina kan bagade, a bayan fanka.

Na fara da muƙaddima mai tsawo a kan bambancin baiko da niyyar mai baiko, jama'a suna fifita da takardun waƙa, wani dattijo da bai taɓa jin ƙarshen wa'azin kowa ba ya riga ya sunkuyar da kai. Ina isa inda Habila ya zaɓo mafi ƙiba cikin garkensa, sai wuta ta dawo, fanka ta tashi. Ban ƙara jimla uku ba na ga shugabar zumuntar mata, a layin gaba, ta kai gefen lulluɓi ga idonta. Ta kusa da ita ta bi. Kafin in gama kwatanta yadda fuskar Kayinu ta murtuke, layi uku suna zubar da hawaye shar-shar, dattijon nan mai barci ya farka idonsa jawur, wani soja ƙato ya rufe fuska da tafi biyu kafaɗunsa suna rawa. Shekarun da na yi ina wa'azi ban taɓa samun fiye da gyaɗa kai ba. Wani sanyi ya ratsa ni, na tuna da Bitrus ranar Fentikos da mutum wajen 3,000 da suka tuba, na fara tunanin ko ya kamata in bar alli in shiga makarantar tauhidi. Na ɗaga murya na ce, "Ku yi kuka, ƴan'uwa, kada ku ji kunya! Wane ne a cikinmu bai taɓa ba Allah saura ya riƙe zaɓaɓɓe ba?" Sai tari ya ɓarke, na ɗauke shi shaƙewar nadama, atishawa ta biyo, na ce a raina kowa da irin tubarsa, zakarun nan ma suka kama wani irin kuka da ban taɓa ji a bakin kaza ba. Uwargida kaɗai ce, daga can baya inda iska ba ta kai ba, take dubana da busassun idanu.

Ana cikin haka wani yaro mai tausayi, da ya ga gumi yana tsiyaya a wuyana, ya lallaɓo ya saki wuyan fanka ya juyo da ita wajena don Malam ya sha iska, ta kwaso abin da ya rage a ƙasa ta watsa mini. Na buɗe baki zan ambaci Hananiya, domin na tanade shi ya zama hatimin wa'azi, amma iyakar abin da ya fito shi ne harafin farko na sunansa, sauran ya tafi cikin wata atishawa da ta tashi kamar an fasa tulu, tabarau ya faɗi, takarduna suka watse. Aka kashe fanka, aka buɗe tagogi, kowa ya juya yana duban jan garin da ke zuba daga cikin buhu mafi tsayi, wanda, don kada ladana ya ɓata a hanya, na rubuta sunana a jikinsa da manyan baƙaƙe.

Al'adarmu ce bayan sujada a yi gwanjon kayan godiya, kuɗin ya shiga asusun gwauraye da marayu, wanda ya saya kuma yakan zazzage a nan take ya raba wa mutane kaɗan-kaɗan. Da aka zo kan buhuna, ma'ajin ikilisiya, wanda ɗan kasuwar Talata ne da ya san cikin buhu tun daga yadda yake tsayuwa, ya share ido ya ce jika 20, yana so ya zazzage kowa ya shaida albarka. Sai na ji muryar uwargida ta ce 25. Ya ce 30. Ta ce 35, ba ta ko dubi inda nake ba, ni kuwa na san sarai daga aljihun wa za a biya. Sojan nan, wanda har yanzu hanci ke zuba, ya shigo don nishaɗi ya ce 40. A jika 50 aka buga mata, jama'a suka yi tafi saboda ƙaunar da wannan mata take yi wa amfanin gonar mijinta.

Baba Fasto bai tona ni ba. A ƙofa ya riƙe hannuna ya ce a hankali, "Malam, yau wa'azi biyu aka yi, na fankar ya fi gajarta, amma ina jin akwai wanda ya ishe shi." A hanya kuma, da na fara gunaguni a kan jika 50, uwargida ta ce, "Maigida, ka gode wa Allah. Wancan da ka so ambata, gawarsa samari suka fitar. Kai atishawa kawai aka sa ka, aka bar ka ka dawo gida da ƙafarka." Na ce to, aƙalla an biya bashi har da riba. Ta ce sam, abin da ta yi ciniki ne, ta sayi sutura ta rufa wa gidanta asiri. Wa'adin daren ambaliya yana nan inda yake, ita ce kuwa shaida. Alhaji, da na kai masa ƙara, ya ce a wannan mas'ala mazhabobi ba su yi saɓani ba.

Lahadi ta gaba na kai buhu na gaske, tun asuba, kafin kowa ya zo, ba suna a jikinsa. Ina fitowa na ci karo da wata tsohuwa ƴar ƙasar Cadi da ke share majami'a, ta durƙusa ta gaishe ni ta ce, "Baba, yaushe za ka sake yi mana wa'azi? Tun sanyin bana hancina yake toshe, na sha magani har na gaji, ranar nan kaɗai ya buɗe."