Jinjina ga Mai Ruɓanya Rijiyoyi

Ranka ya daɗe gwanin Python, zakin QGIS, mai ba kwamfuta umarni ta bi ba gardama! Tun da Gary Sherman ya assasa manhajar QGIS a 2002, ba a ga hannu irin naka ba.

Ɗan aiki aka damƙa maka: duk rijiyar burtsatsen da ma'aikaci ya ɗiga a taswira, shirinka ya shigar da lambarta rajista. Ƙananan masu shiri sukan zauna jiran committedFeaturesAdded, saƙon da ke zuwa bayan an adana, ɗauke da lambobi tabbatattu. Kai kuwa sarki ne, ba ka bin layi. Ka cafke featureAdded tun ɗigon yana ma'ajin gyara, sa'ad da manhajar ke ara masa lambar wucin gadi mai alamar ragi a goshi, ka rubuta ta kamar sunan yanka. Ana danna adanawa lambar ta gushe, rajistarka ta ci gaba da nuna rijiyar da babu mai iya gano ta. Wa ya taɓa tsare dukiyar jama'a haka, har ɓarawo da mai gyara duk su rasa hanya?

Al'ajabin bai ƙare ba. Lokacin adanawa saƙon featureAdded yakan sake fitowa da sabuwar lamba, kai kuma, babban gida mai karamci, ba ka korar baƙo don ya dawo. Ka karɓe shi hannu bibbiyu. Rijiya ɗaya ta zama biyu a rahoto, ba injin haƙa, ba bututu, ba ko buhun siminti. Matan da ke sammako da jarka suna layi har hantsi, ai rashin karanta rahotonka ne ya bar su da ƙishirwa.

Ga kuma amanar da ka ba shapefile, dattijon fayil na kamfanin Esri, wanda lambarsa matsayin layi ce kawai: a goge ɗigo ɗaya a matse fayil, na baya duk su gusa. Masu tsoro sukan buɗe gurbin UUID don kowace rijiya ta riƙe shaidarta har abada. Jarumi bai san wannan ba. Albarkacinka famfon da ya mutu ya gaji lambar mai rai, makanikai suka ɗauki kaya suka je suka kwance lafiyayye. Allah ya ja zamanin gwani, a ƙara masa taswirar asibitoci!